Bindigar Kaka ta koma bango

Tun ina yaro nake ganin bindigar nan a ɗakin Baba a unguwar Gangare da ke Jos, a naɗe cikin tsohon buhu a saman wadirof, kuma duk wanda ya taɓa ta ranar sai ya sha bulala. Mai baki biyu ce. Kakanmu ya yi wa wani Bature gadi zamanin haƙar kuza a Bukuru, da Baturen zai koma gida ya bar masa ita, da ita Kaka ya dinga harbin zabi da fakara har ƙafa ta gaza. A jikin ƙarfen har yanzu ana iya karanta Birmingham, wato Bamingam ta Ingila, garin da ya yi suna wajen ƙera bindigogi.

Da damina ta wuce muka sauko da ita, wallahi sai da na ji ƙwalla. Gara ta cinye gindin, kana matsawa da yatsa yana burmawa kamar biredi, ga tsatsa ta yi ja wur a bututun. Baba ya daɗe yana kallonta, ya ce to ka ga abin da za ka iya.

Abu na farko da ya ja min kunne shi ne takarda. Dokar makamai ta 1959 ba ta san gado ba, irin wannan bindiga lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, kuma gyaran bindiga ma sai mai izini, ballantana a garin nan namu da kowa ya san abin da muka gani. Don haka ƙarfen bai bar gida ba, itacen kawai na kwance na tafi da shi Kasuwar Katako.

Nan ne aikin ya yi daɗi. Na asalin da itacen walnat Turawa suka yi, mu kuwa madaci muka samu, busasshe, mai ja-ja ɗin nan. Kafintan dattijo ne, ya ɗora ruɓaɓɓen a kan kwali ya zana shi, ya yanka da zarto, sauran duk da kurfi da magagari ya dinga sassaƙa a hankali, ya sa a kafaɗa ya ji, ya sake ragewa. Kwana 9 ana abu ɗaya! Na ce wa kafintan, Baba ai ya yi haka, ya ce yaro ba ƙotar fartanya nake maka ba. Na ja bakina na yi shiru. Sanfefa kuwa ni na ci ta, har fatar yatsuna ta saɓule, sannan muka dinga shafa mai muna bari ya sha, sau wajen shida.

Abin da ya ba ni wahala ƙaramin abu ne, sukurori biyu na farantin gindin. Na zaga shaguna a Dilimi babu wanda ya shiga, ashe zaren sukurun Ingila na da da inci ake auna shi, na kasuwa yanzu kuwa milimita ne. Ƙarshe wani maƙeri ya yanko min sabbi na tagulla, farantin ma ya buga sabo.

Maganar harbi kam babu ita. Wani tsohon maharbi abokin Baba ya zo ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken taga, ya ce Alhaji cikin nan duk ramuka ne, kuma irin waɗannan don baƙin albarushi aka yi su, harsashin zamani ya fi ƙarfinsu, in ta fashe a fuskar mutum za ta fashe. Ƙanena ya so ya yi gardama, Baba ya harare shi.

Jiya bayan la'asar muka kafa ƙusa biyu a falon Baba, ƙasan hoton Kaka. Hajiya ta leƙo ta ce dai a ɗaga ta sama sosai saboda jikoki, sai da muka sake cire ƙusoshin.