Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Takardar da na ɓoye ƙarƙashin katifa

Makon jiya na tsaya ne a inda aka sallamo ni daga asibiti da ƙarfe a ƙafa, likita ya ce in manta da tuƙi sai ƙashin ya haɗe. Motar da nake ja ba tawa ba ce, mai ita kuwa bai jira ni ba, ya miƙa wa wani direba makulli. Ban ga laifinsa ba, shi ma da ita yake ci da iyalinsa.

Watan farko mun biya haya da ɗan abin da muka tara. Na biyu matata ta sayar da keken ɗinkinta, kuma har yau in na tuna ranar da aka zo aka ɗauke shi sai ƙirjina ya yi nauyi, don da shi take rufa mana asiri. Daga nan bashi ya fara hawa. Da ya cika wata 4, wata safiya mai gidan ya aiko yaro da ambulan. Kwana 30 aka ba ni, ko in biya ko in kwashe kayana.

A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, na dogara sanda. Na ninke ta huɗu, na ɗaga katifa na tura ta can ƙurya. Matata ta tambaye ni ta mece ce, na ce ta asibiti ce.

Kwana 19 takardar nan ta yi a ƙarƙashina. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai ɗauka rasa gida yana farawa ne ranar da aka watso wa mutum kaya waje. Ni dai nawa ya fara tun ina kan gadona. Dare ya raba, yara uku suna barci, ina jin numfashinsu, ni kuwa ina rabon su a zuci: babbar ta tafi wurin yayar matata, na tsakiya wurin ƙanena, ƙaramin ya bi uwarsa duk inda ta samu. Ina kallon kabad ina auna shi da ido, ina tunanin gidan wa zai shiga. In wayar mai gidan ta shigo sai in kife ta a kan tabarma har ta gaji ta tsinke. Kullum ina ce wa kaina gobe wani abu zai taso. Babu abin da ya taso, kwanaki ne kawai suke ta zuba.

Ranar ta 19 matata ta fitar da katifar za ta shanya. Ina zaune ta shigo da takardar a hannu, a buɗe. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Baban yara, gidan nan kai kaɗai kake kwana a cikinsa?" Na kasa ɗago kai. Ta shiga jakarta ta lalubo wani ɗan kati da wata ma'aikaciyar jinya ta ba ta tun ina kwance a asibiti, na wata ƙungiya mai zaman kanta da ke taimakon waɗanda gida ke neman kuɓuce musu. A daren ta buga lambar. Na zaci ba za a ɗauka ba don dare ya yi, sai ga shi an ɗauka. Tambayar farko da aka yi mata ita ce ko muna da wurin kwana a wannan daren. Da ta ce eh, aka ce mu zo da safe da duk wata takarda da ta shafi gidan.

Ofishin ɗaki biyu ne da benci a baranda. Wadda ta karɓe mu mace ce mai matsakaicin shekaru, kowa Malama yake ce mata. Na shirya dogon bayani tun a hanya, na yadda hatsarin ya faru da yadda ban taɓa cin bashin kowa ba. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Saura kwana nawa?" Na ce 10. Ta rubuta lambar a saman fayil, ta zagaye ta da biro sau biyu.

Sai bayan shekaru, da na fara zuwa ina taya su aiki, na gane abin da ya sa wannan lamba ta fi komai muhimmanci a wurinta. A wani horo da aka yi mana aka kawo misalin Ingila, inda dokar 2017 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tashi tsaye da zarar an ga mutum na iya rasa muhallinsa cikin kwana 56, alhali a da sai ya rage 28. Yankin Wales ya riga su, tun a dokarsa ta 2014. Wato masu wannan aiki sun auna sun ga ko wata guda ya yi kaɗan. Ni kuma aka ba ni 30, na binne 19 da hannuna, na kwana ɗaya, na kawo mata 10.

Ta shimfiɗa takardun a tebur: yarjejeniyar haya, rasit na watannin da na biya, takardar asibiti, da ta mai gidan wadda duk ta yi alamar ninki. Ta ce abu uku take so in riƙe. Kada in tashi daga gidan don tsoro kafin lauyansu ya duba takardar, domin wasiƙar mai gida daban, umarnin kotu daban. Kada in sa hannu a kan komai ba tare da an karanta mini ba. Kuma duk abin da ya shigo hannuna, komai ƙanƙantarsa, in kai wa mai gidan in karɓi rasit. Daga nan ta ja layi a tsakiyar farar takarda, gefe ɗaya abin da ke shigowa, ɗaya abin da ke fita. Gefen shigowa layi biyu ne kacal. Matata ce ta cike shi, ni bakina ya mutu.

Can na ce, "Malama, da aiki kuka samo mini, ko na zaune ne, sauran ni zan ji da shi." Ta ce za a zo kan aiki, amma gida tukuna. Ta ce wanda bai san inda zai kwana ba, ba ya iya riƙe aiki, ba ya iya shan magani a kan lokaci, ko adireshin da zai rubuta a takardar neman aikin ba shi da shi. A lokacin na ɗauka ra'ayinta ne kawai. Ashe tsari ne mai tarihi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a birnin New York na Amurka a 1992, ya juya abin da aka saba: maimakon a ce wa mai kwana a titi sai ya gyaru sannan a ba shi ɗaki, sai a fara ba shi makulli, sauran taimako ya biyo baya. Ƙasar Finland ta ɗauki wannan hanya a 2008, ta mayar da manyan ɗakunan kwanan gayya gidaje masu ƙofa da yarjejeniyar haya, kuma masu rashin muhalli suka yi ta raguwa shekara da shekaru. Ni ban kai titi ba, amma dalilin ɗaya ne.

Muna jira a benci Malama ta kira mai gidan, sai ga wata mata da goyo da yaro a hannu. Ita an riga an sa wa ƙofarta kwaɗo tun jiya. Katin asibitin jaririn, takardun makarantar yaron, har maganinta, duk suna ciki. Ma'aikata biyu suka bar abin da suke yi, ɗaya yana ta buga waya yana neman gadon da za ta kwana, ɗaya yana neman lauya. Har muka tafi ba a samu gadon ba. Matata ta dube ni, ni ma na dube ta, ba wanda ya ce uffan. Kwana 10 ne tsakaninmu da ita.

Bayan kwana biyu aka zauna da mai gidan a ofishin. Na zo da shirin ganin azzalumi, sai na tarar da dattijo mai rawar hannu, wanda shi ma da kuɗin hayar nan yake sayen maganinsa. Bai fara da zancen kuɗi ba. Ya ce, "Yaro, sau nawa na kira ka? Da ka ɗauka ka ce Baba ga halin da nake ciki, da ba mu zo nan ba. Shirun ne ya ba ni tsoro." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kunya ce." Ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke ƙafata.

Abin da ya burge ni da Malama shi ne ba ta ɗauki gefena don ta ci fuskarsa ba. Ta ce haƙƙinsa ne, kuma sai ya fito. Ƙungiyar za ta biya rabin bashin daga asusunta na gaggawa, ragowar a raba mini shi wata 8, shi kuma ya janye takardarsa a rubuce. Kuɗin kai tsaye za a tura masa, ba za su bi ta hannuna ba. Wannan ya sosa mini rai a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma ina da bashin kantin magani, ina da na makaranta, kuma na san da sun shigo aljihuna da sai sun rabu gida uku kafin su isa wurin dattijon.

Muka sa hannu mu uku. Ya ninke kwafinsa ya sa a aljihun gaba, ya miƙo mini hannu, ya taimaka mini na miƙe tsaye.

Za mu fita Malama ta tsayar da matata ta tambaye ta wane irin keke ta sayar, ta rubuta a gefen fayil ɗin. Ni kuma ta ba ni wata 'yar takarda mai ɗauke da rana da lokaci. Ta ce lauyansu ya ga rahoton hatsarin, yana so ya san ko motar tana da inshora, kuma ko akwai wanda ya taɓa yi mini maganar diyya. Babu wanda ya taɓa. Daga nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.