Abin da tsutsar siliki ta koya min a wannan zangon karatu

Mu a Zango komai aka gani a jikin mutum ko dabba sai a ce ai gado ne, shi ke nan an rufe magana. To wannan samista da malaminmu na ilimin gado a nan Kumasi ya ba ni aikin gabatar da semina kan launin jikin tsutsar siliki, Bombyx mori, wadda ke cin ganyen mulberi, na fahimci cewa idan ka ce gado ne ka faɗi rabin zance ne kawai.

Gadon dai yana nan, babu musu. Tun 1906 wani Bajapane, Toyama Kametaro, ya nuna dokokin gado na Mendel suna aiki a jikin wannan tsutsa. Akwai wani gurbi guda da ake kira p a kuromozom na 2 (kuromozom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa), shi kaɗai yana da nau'i fiye da goma, wata tsutsar fara fat ba tabo, wata mai ɗigo irin na ido a gaba da alamar jinjirin wata a baya, wata kuma baƙin ratsi ya kusa rufe ta duka. Sai a 2014 masu bincike a Jami'ar Tokyo suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke wurin, wadda ke kunna ƙwayoyin gadon da ke haɗa melanin, sinadarin da ke kawo baƙi, a fata.

Amma inda kaina ya ɗau zafi shi ne maganar lokaci. Tsutsar tana saɓa sau huɗu kafin ta fara saƙa gidanta, kuma duk saɓa sabuwar fata ce, ke nan zanen ma sai an sake shi daga farko, ba wai an zana sau ɗaya ya zauna ba. Homon ɗin, wato sinadarin jiki, da ke jawo saɓar, ekdison, yana hawa yana sauka, kuma a irin da ake kira L mai tagwayen ɗigo jere a bayanta an nuna ƙwayar gado Wnt1 tana farkawa ne daidai da wannan hawa da saukar. Kamar ɗalibai ne da kowa ya san ajinsa amma ba mai motsi sai an kaɗa ƙararrawa. Wallahi tun daga nan duk takardar da na karanta sai na fara neman a wane mataki aka duba dabbar, don idan ka yanki fata a ranar da ba ita ba ba za ka ga komai ba, sai ka rantse ƙwayar ba ta aiki.

Farin jikin nan kuma, ashe yurik asid ne, dattin da ya kamata ta fitar, shi take tarawa a fata. Irin da ba sa iya tara shi fatarsu shara-shara take kamar takardar da aka naɗe ƙosai, har kana hango ciki.

Wani abokina a aji ya ce to duk wannan me zai ƙara wa mai kiwo? Yana ƙarawa mana. A shekarun 1940 a Japan an samar da irin da guntun kuromozom mai alamar ya manne a kuromozom W, wanda mace kaɗai ke da shi, sai ya zama mata masu zane maza farare, ko yaro zai ware su da ido, kuma masu haɗa iri dole su raba jinsi kafin a yi barbara.

Launin gidan siliki shi kuma daga ganye yake zuwa, karotinoyid ne, sinadarin launin rawaya da ke cikin ganyen, ke ratsa hanji ya shiga jini in tsutsar tana da ƙwayar gado Y. Yawancinsa yana zaune ne a ƙaron da ke lulluɓe zaren, ana dafawa ya wanke, shi ya sa ko ka samo gida rawaya shar, masaƙin kente a Bonwire sai ya nemi rini.