Ƙarfe biyun dare da babu wuta

Aikin da ya fara koya mini kula da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da gaske, a wani ɗakin ɗab'i na same shi a Tudun Wada, Kaduna, inda ake buga katin biki, kalanda da littattafan Islamiyya. Kwamfutoci bakwai ne a wurin, kowa da nasa aikin, kuma da filashi ake yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, har da ƙwayoyin cutar da ke biye da shi. Alhaji mai wurin ya gaji, ya ce in yi musu wuri ɗaya da kowa zai riƙa ajiye aikinsa.

Na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine a lungu, na kaɗe mata ƙurar hunturu, na ɗora mata wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 20.04, irin wanda ake yi wa gyaran tsaro na shekara biyar. Ta zama uwar garke, wato kwamfutar da sauran ke ajiye aiki a cikinta. Na saka Samba domin kwamfutocin Windows su ga jakar ajiya kamar a cikinsu take, na buɗe SSH don in riƙa shiga daga tawa ba sai na jona mata allo ba. A wuni ɗaya aka gama wannan, kuma har yau bai taɓa ba ni ciwon kai ba.

Inda na yi tuntuɓe shi ne kwafin ajiya. Na sayo faifai na waje, na rubuta umarnin rsync da zai kwashe duk abin da ya canza ya zuba a ciki, na gwada da hannu, ya yi daidai. Sai na miƙa aikin ga cron, manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara mata, na ce ya riƙa yi kullum ƙarfe biyun dare, domin haka na gani a duk bayanan da na karanta: a yi kwafi da tsakar dare lokacin da babu mai aiki. Na koma gida ina jin kaina gwani.

Bayan wata huɗu wani yaron shago ya goge jakar wani littafi da aka kusa kai wa injin bugu. Alhaji ya kira ni, muryarsa a kwance, ya ce, "Malam, ai ka ce akwai kwafi ko?" Na ce, "Akwai, ranka ya daɗe, yanzu zan fito da shi." Na buɗe faifan. Babu komai a ciki sai fayilolin ranar da na yi gwaji. Na daɗe ina kallon baƙin allon nan, gumi na bin bayana, kafin abin ya faɗo mini: ana idar da sallar isha'i ake kashe janareta a rufe shago, kuma ko an kawo wuta cikin dare babu mai kunna na'urar. Tunda na kafa ta, ba ta taɓa ganin ƙarfe biyun dare a kunne ba. Shi kuwa cron ba ya rama aiki. Idan lokacin ya wuce na'ura tana kashe, ya wuce ke nan, sai gobe, goben ma haka. Kwana uku aka yi ana sake buga littafin daga takardun marubucin, ni kuma ina zaune a gefe kamar wanda ruwa ya ci.

Laifin ba na cron ba ne. Waɗanda suka rubuta bayanan da na bi suna magana ne a kan na'urorin da ke ɗakunan da wuta ba ta ƙiftawa. Maganin ma ya daɗe da samuwa, ni ne ban nema ba. Akwai anacron, wanda aka yi musamman don na'urar da ba ta kwana a kunne. Akwai kuma agogon systemd, tsarin tada ayyukan na'ura da Ubuntu da Debian, wani nau'in Linux ɗin, suka koma kansa tun 2015. A cikin fayil ɗin agogon, layi ɗaya ne ya raba ni da wannan kunyar: Persistent=true. Ma'anarsa, in lokacin aiki ya wuce tana kashe, da zarar an kunna ta za ta rama. Yanzu da safe, kafin yara su gama shan koko, kwafin jiya ya kammala. Umarnin systemctl list-timers kuma yana nuna mini yaushe aikin ya gudana na ƙarshe da yaushe zai sake, irin binciken da da na yi sau ɗaya a wata huɗun nan da ban sha kunya ba.

Da na zauna gyara sai na ga wani ramin da ban faɗa ba tukuna. Na sa wa rsync zaɓin --delete, wato duk abin da aka goge a uwar garke a goge shi a faifan ma. Ashe ko da kwafin yana tafiya, kwana ɗaya kawai littafin zai ƙara a duniya. Na koma amfani da rsnapshot, mai ajiye kwafin kwanaki daban-daban ba tare da ya cinye faifai ba, domin fayil ɗin da bai canza ba sau ɗaya yake zama.

Daga nan na fara bin kowane saiti ina tambayarsa: me kake zato game da wuta? Amsoshin sun ba ni mamaki. Wata safiya apt, mai sauke manhajoji da sabunta su, ya ƙi sabunta komai, yana cewa fayil ɗin ma'ajiya bai fara aiki ba tukuna. Na yi ta zargin intanet, ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogon kwamfuta ne ya mutu, na'urar ta farka tana zaton shekarun baya ne. Agogo in ya karkace, takardun shaidar tsaro na shafuka ba sa karɓuwa, lokutan da ke cikin rajistar aiki kuma sun zama shirme. Na canza batiri, na saka chrony ya riƙa daidaita lokaci ta NTP, wato karɓo lokaci daga intanet, na mayar da yankin lokaci Africa/Lagos da timedatectl, domin a da tana kan UTC, lokacin da duniya ke ma'auni da shi, awa ɗaya baya da agogon bangon shago.

Sai kuma ranar da wani ya zare faifan waje don ya sami ramin cajin waya. Washegari na'urar ta tsaya tana jiran faifan daƙiƙa 90, da ba ta gan shi ba ta faɗa yanayin gaggawa, shago ya tsaya cik. Daga Kawo na hau Keke na zo don in ƙara kalma ɗaya, nofail, a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za ta nema in an kunna ta, don kada ta sake tsayawa in babu faifan. Tafiyar ta fi aikin tsawo.

Abin da ya sa ban ɓace a duk wannan ba shi ne komai yana da mazauninsa. Saituna suna /etc, rajista tana /var/log ko a bakin journalctl, kuma wannan ƙa'ida ce rubutacciya mai suna FHS, shi ya sa da na karɓi wata uwar garken Debian a Barnawa ban yi lalube ba. Na kuma saka etckeeper, wanda ke zuba /etc cikin git, mai riƙe tarihin duk canjin da aka yi, saboda na gane ba na tuna abin da na taɓa makon jiya, balle bara.

UPS ɗin da muka saya daga baya, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, na haɗa shi da manhajar NUT, yadda in batir ya kusa ƙarewa na'urar za ta kashe kanta cikin natsuwa maimakon a fizge mata numfashi. Batirin nasa yanzu ko minti biyar ba ya riƙewa. Na faɗa wa Alhaji makon jiya, ya ce a bari sai bayan Sallah.