Nawa ne kwali, Auta?

Har gobe Inna ba ta san na taɓa riƙe bindiga a ƙasar nan ta Amurka ba. Yaya ne kaɗai ya sani, kuma tun da ya sani hirarmu ta waya ta canza.

Wani dattijon Bature ne ya ja ni, abokin aikina a rumbun ajiyar kaya da ke bayan garin Dalas. Mutumin kirki ne, sai dai in ya kama zancen farauta ba ya jin kira. Tun watan Yuli yake min naci, wai ranar 1 ga Satumba ake buɗe farautar kurciya a wannan yanki na Teksas, lallai sai na bi shi gonar ƙaninsa. Na ce masa ni jikan maharbi ne, kada ya ɗauka zai koya min wani abu. Ba ƙarya na yi ba, kakanmu na wajen uba ya yi suna a dajin Rugu tun dajin yana na namun daji, kafin ya zama na ɓarayi. Ni dai ban da danƙo ban taɓa harba komai ba. Ya sa na yi karatun ƙa'idojin farauta, wanda jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumban 1971, na yanki lasisi. Ya ce bindiga zai ara min, harsashi dai in sayi nawa.

Ranar Juma'a muka je shagon, daga masallaci, ina sanye da shaddata da hula zanna. Irin manyan shagunan nan ne da ake sayar da ƙugiyar kamun kifi da tanti da takalma. Can ciki sai ga harsasai jere a kanta, kwali kan kwali, ba makulli, ba ɗan sanda. Wani mutum ya loda katon-katon a keken sayayya, ya ɗora 'yarsa ƙarama a kai tana shan alawa. Na yi ta waige. A gida, ka bari a samu harsashi ɗaya tak a aljihunka a shingen bincike, sai dai 'yan'uwanka su gan ka a talabijin an tsugunar da kai gaban 'yan jarida.

Na ɗauki kwali biyu, kowanne guda 25, na bi layi. Yaron da ke karɓar kuɗi ya nemi katin shaida don ya ga shekaru, tunda doka ta ce sai ɗan shekara 18 za a sayar wa harsashin doguwar bindiga, na ƙaramar bindiga kuma sai ɗan 21. Mu baƙi kuwa kun san halinmu, in an tambaye mu takarda ɗaya biyu muke miƙawa. Na ba shi lasisin tuƙi haɗe da girin kad, katin izinin zama na dindindin. Ya dubi katin, ya dubi sunan, ya dubi hular. Sai ya janye kwalayen zuwa gefensa, ya ce ba ya jin ana sayar wa wanda ba ɗan ƙasa ba. Kafin in buɗe baki ya ɗauki abin magana ya kira manaja ta lasifika, duk shagon na ji.

Ban san minti nawa muka tsaya ba. Layi ya yi tsawo a bayana, kowa ya yi kamar yana duba wayarsa. Wata mata ta jawo ɗanta jikinta. Mai katon-katon ɗin nan, wanda ya biya a gabana, ko kallon kirki ba a yi wa katinsa ba.

Manaja ya zo, ya duba, ya ce wa yaron mai girin kad yana da damar saye daidai da ɗan ƙasa. Waɗanda aka hana su ne masu bizar ziyara ko ta karatu, su ma in suna da lasisin farauta an yarje musu. Ya ba ni haƙuri, na biya, kuɗin bai kai na abincin rana biyu ba.

Ba yaron ne ya fi ƙona min rai ba. Dattijona ne. Garin kare ni ya ɗaga murya yana cewa, "Na san shi, mutumin kirki ne, ba irin waɗancan ba ne." Waɗancan su wa? A mota ya yi ta huci a madadina, yana jiran godiya, na kuwa yi masa. Ina tuna cewa wanda ya bindige mutane a shagon Walmart na garin El Paso a watan Agustan 2019, har kamfanin ya daina sayar da harsashin ƙaramar bindiga, ba hula zanna ce a kansa ba. Ban faɗa ba. Da shi nake cin abincin rana kullum, kuma a wurin aikin nan shi kaɗai ne ya taɓa tambayata sunan garinmu.

Farautar kanta ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutanen nan da ke sayar da harsashi kamar sukari, a kan tsuntsu ba su da wasa: kada ka wuce kurciya 15 a rana, kada bindigarka ta ɗauki fiye da harsashi uku. Nakan yi bisimilla in harba, in ruga da wuƙa in yanka, su kuwa suna ta dariya wai ina tsere da karensu. Jinin kaka bai ba ni kunya ba. Maiɗakina ta yi mana farfesu, muka ci mu biyu a falo, ba maƙwabcin da za a aika wa ko kwano ɗaya. Daren nan na tura wa Yaya hoto, ga ni ga bindiga ga kurciyoyi.

Na zaci tsiya zai min. Sai ga saƙon murya, gajere: "Auta, nawa ne kwali?"

Na gaya masa, na juya masa kuɗin zuwa naira. Na ƙara da labarin da na gani a 2024, cewa a wasu shagunan cefane na Teksas da Oklahoma da Alabama an kafa injin da ke sayar da harsashi, ka nuna masa kati, ya dubi fuskarka, ya sako maka kwali. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku kuna harbin tsuntsu da shi."

Yaya yana cikin masu kwana a bakin gari. Ƙauyenmu na yankin Batsari, kuma duk wanda ya san yankin ya san abin da ake nufi da kwana a bakin gari. Bindigarsa ƙirar maƙera ce, a ɗura albarushi, a ɗura guntayen ƙarfe, a harba sau ɗaya, sai kuma abin da Allah ya yi. Waɗanda suke jira kuwa da AK-47 suke zuwa, uku-uku a kan babur. A 2021 Gwamna Masari da bakinsa ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Da me? Mutumin da ke neman kuɗin taki?

Bayan kwana biyu ya fito da abin da ke ransa. Wai tunda ina aiko da kaya ta jirgin ruwa, in cusa 'yan kwalaye cikin tsofaffin tufafi. Na ce, "Yaya, wallahi ba zai yiwu ba. Nan ɗauri ne, can ma ɗauri ne, kuma kai za a fara kamawa. Wannan ma na tsuntsu ne, ba ya cin nisa." Ya ce, "Ai na tsuntsun ya fi babu." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Auta. Wanda ke nesa ai shi ke da doka."

Maganar nan ta fi kiran manaja ciwo. Ni da nake tura kuɗi duk wata, ni da na kama wa Inna haya a cikin Katsina ta ce ba za ta bar ɗakin da Baba ya bar ta ba. In na kira ta sai addu'a da tambayar ko ina cin abinci, ba ta taɓa cewa an yi harbi jiya. A bakin 'yar'uwarmu nake jin cewa bana ba a noma gonar nesa ba, ta kusa ma sai da gari ya haɗa kuɗi aka kai daji kafin a bari a yi girbi.

Mun yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu da Yaya. Makon jiya ya kira da kansa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Da za mu yi sallama ya ce in wancan ya gagara, in sa masa cocila mai ƙarfi wadda ake caji da rana, da takalmin ruwa lamba 44, guda biyu in da hali, don abokin kwanansa ma da silifa yake fita.