Fatakar Goggo

Talata. Tun safe babu wuta, na sha kunu na tafi gidan Goggo kai mata magani.

Ina shiga na tarar ta zazzage tsohon gwangwaninta a kan tabarma. Tsofaffin sulalla ne: sule bakwai, sisi uku, taro ɗaya, sai fataka biyu (fataka ɗaya sule biyu ke nan). Gabana ya faɗi, don kun san shekara nawa ina bin 'yan gwangwan ina neman irinsu. Na ɗauki fataka ɗaya na goge da bakin riga: 1913, shekarar farko da aka buga kuɗin azurfa na Afirka ta Yamma, wanda aka riƙa kashewa daga Najeriya har Gana, Saliyo da Gambiya. Ga kan Sarki Joji na Biyar, ga bishiyar kwakwar manja a baya, ganyenta bai ma shafe ba. Na sake ta a kan siminti, ta yi wannan ƙara mai tsawo da tagulla ba ta yi.

Na ce, "Goggo, me za a yi da waɗannan?"

Ta ce maƙeri za a kai wa, ya narka ya yi wa amarya awarwaro.

Na ce, "Don Allah Goggo ki sayar mini, in saya mata sabo. Daga 1920 azurfa ta yi tsada, aka koma buga su da tagulla. Waɗannan idan suka shiga wuta, sun tafi ke nan."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Kai tarihi kake gani. Babana gyaɗa ya noma, ya ɗauka a ka ya kai kanti, aka ba shi waɗannan, mai unguwa ya zo ya karɓe rabi da sunan haraji. Abin da ya rage ya binne a tukunya. Gara in gan su a hannun jikata da in ga fuskar wancan a cikin akwatinka."

Ban iya cewa komai ba. Duk sulallan da na jera a gida, kowanne da shekararsa a rubuce, ban taɓa tambayar gumin wa ya kawo su ba.

Da zan tafi ta tura mini sisi ɗaya, wanda ya fi shafewa.

La'asar a hanya. Cunkoso. Tuwon dare ban ci da yawa ba.

Ranar Alhamis za a kai sauran sulallan wurin maƙeri, kuma ni ta ce in kai.