Kamshaf ɗin 280 da aka yanke mini albashi a kansa

Ƙarshen watan nan zan bar warshar da nake aiki a sina'iyya, unguwar garejojin Jidda, maganar canjin kafala ta kammala. Yaranmu da suka shigo harkar motocin gudu suna ta cewa in bar musu wani abu, to yawancin abin da zan faɗa a kan mota ɗaya ne.

Wani matashi ya kawo mota mai injin Toyota 2JZ. An cire tagwayen turbo na kamfani an sa guda ɗaya matsakaici, giyarta otomatik, kuma da ita yake zuwa aiki kullum. Yana son a canza masa kamshaf, sandar da ke buɗe bawul ɗin injin. Na ce wa mu'allim, wato ogan warsha, kamshaf mai lamba 264 ya ishe ta. Ya ce 280 za a sa, don shi ne ajiye a kan kantar warsha ya daɗe bai samu mai saye ba. A gaban mai motar ya dube ni ya ce, tun yaushe Takaruni ya fara zaɓen kamshaf? Na haɗiye, na ɗauki sifana.

Lambar nan ta kamshaf, 264 ko 280, digirin juyawar kiranshaf ne (sandar da fistan ke juyawa) da bawul ke yi a buɗe. Idan ta ƙaru, lokacin da bawul ɗin shan iska da na fitar hayaƙi suke buɗe tare shi ma yakan ƙaru. Injin da ba shi da turbo yana cin moriyar wannan idan an taka shi sosai. Amma turbo da bai kai girma ba yana tare hayaƙi, har matsin da ke bakinsa ya fi na iskar da yake turawa, sai hayaƙin ya dawo cikin silinda ya ƙara zafi, injin ya fara nokin, wato fetur na fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Ga zafin Jidda, ga fetur 95. Babban kamshaf kuma yana kai ƙarfin injin can saman juyi ne, inda wannan turbo ya riga ya gaji. Ka rasa ƙasa, saman ma ba ka samu ba.

Haka kuwa aka yi. Mota ta ƙi zama a silo, wato a kunne ba a taka totur ba, da an kunna esi a danja sai ta mutu, birki ya yi tauri saboda zuƙar iskar da bustarsa ke dogara da ita ta ragu. Mai mota ya dawo yana faɗa. Mu'allim, ko kunyar ido babu, ya ce ni na ɓata tayimin. Na nuna masa takardar da na rubuta awon digiri da gibin kowane bawul, bai ko karɓa ba. Aka cire kuɗin aikin daga albashina. Wanda igamarsa, takardar izinin zama, ke hannun wani ba ya doguwar gardama, kun san wannan.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Ku tambayi mai mota inda yake hawa da ita kafin ku tambaye shi doki nawa yake so. Turbo ake fara zaɓa, kamshaf ya biyo baya. Kada ku gwada lambar kamfani ɗaya da ta wani sai kun ga a wane buɗi aka auna, wasu a milimita 1 suke awo, wasu a inci 0.050. Kamshaf mai ɗaga bawul sosai yana son sababbin sifirin na bawul, kuma a auna tazarar bawul da fistan, ko da mu'allim ya ce sauri yake yi. Duk awon da kuka yi ku ɗauki hotonsa a waya a gaban shaida.

Motar dai wata warsha aka kai ta, aka sa mata 264 aka sake saitin kwamfutarta, yanzu lafiya take yawo a titin Tahliya. Mai ita ne ya haɗa ni da wurin da zan koma.