Aisin bayan DAC: kwandansa ta fi tsada muhimmanci

Masu haɗa kayan sauti a Garwa da Marwa, kada sunan OPA1612, aisin ƙara ƙarfin sigina (op-amp) mai tsada, ya ruɗe ku. A bayan DAC, wato na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa analog, aisin NE5532 na asali ya wadatar. TL072 kuwa ba ya jure nauyin om 600, sai sauti ya gurɓata.

Wajen wuta ne aiki ke lalacewa. A sa kwandansar yumɓu 100nF a ƙafa ta 8 ta aisin, wata a ta 4, wato ƙafafun shigar wuta, kowace zuwa layin ƙasa, manne da aisin. In wayar kwandansar ta yi tsawo, aisin yakan yi ta kaɗawa a mitar da kunne ba ya ji, ya ɗau zafi a banza. A ƙara kwandansa 10µF a kowane layin wuta, mai jure 105°C, saboda zafinmu na Afrilu. A mafita kuma, rezista om 100 kafin kebul.